Yadda Wasiƙar Irmiya Ta Same Ni a Ƙetaren Kogin Kaduna

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, ina zaune a Sabon Tasha, ina kuma cikin Zumuntar Mata tun ina amarya. Ina so in ba da shaidar yadda Ubangiji ya koya mini karanta Maganarsa bayan na riga na yi furfura da ita a hannu, da yadda wannan karatun ya tsare mini ɗana.

A Tudun Wada aka haife ni. Mahaifina ya zo daga ƙasar Jaba neman aiki, ya samu a wata masaƙa a Kakuri, zamanin da masaƙu ke ciyar da rabin garin nan. Littafi Mai Tsarki ɗaya ne a gidanmu, tsohon juyin Hausa na 1932, wanda Likita Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka sha wahala a kansa. Da sabon juyi ya fito a 1979, Baba ya ce kunnensa ya riga ya saba, bai canja ba har ya rasu. Kowane dare sai kowannenmu ya kawo aya ɗaya da ka kafin a kwanta. Ina gode wa Allah saboda wannan tarbiyyar. Ayoyin nan ne suka riƙe ni a ranar da babu littafi a hannuna.

Ranar ta zo a watan Fabrairun 2000, da rikicin addini ya ɓarke a garin. Duk wanda yake Kaduna a lokacin ba ya bukatar a ba shi labari. Wata Hajiya maƙwabciyarmu mai sayar da waina ta ja ni da yarana zuwa ƙuryar ɗakinta, ta zauna a bakin ƙofa. Daga baya ta lulluɓe ni da mayafinta, ɗanta ya raka mu har barikin soja. Gidanmu ya ƙone. Ƙanena ya fita kasuwa da safe, bai dawo ba, ba mu kuma ga gawarsa ba. Muka ƙetaro kogi zuwa kudu, muna gamuwa a hanya da Musulmi masu ƙetarewa zuwa arewa, da tabarmi a ka da irin hawayenmu a fuska. Bayan rikicin Nuwambar 2002 rabuwar ta zauna daram. Ba a jima ba masaƙar da mijina yake aiki ta rufe.

A waɗannan shekarun wa'azi iri biyu ya cika unguwanninmu. Na farko a bakin matasa yake, wajen gadin dare, wani lokaci har kan bagadi: an mare mu a kunci ɗaya mun juya, an mari na biyu, na uku kuwa babu. Sai a kawo Luka 22:36, inda Yesu ya ce wanda ba shi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya. Na biyun ya fi daɗin ji. Irmiya 29:11 ce ayarsa, tana manne a gilashin motoci da kalandun shaguna: Allah yana da shirin alheri dominka, shekarar nan taka ce, ka shuka iri ka girbi riɓi ɗari. Na san gwauruwar da ta sayar da keken ɗinkinta ta shuka irin. Da girbi bai zo ba, aka ce bangaskiyarta ce ta kasa. Ban raina masu zuwa irin waɗannan majami'u ba, da yawansu sun fi ni naciya a addu'a. Mai jin yunwa da baƙin ciki duk inda ya ji alkawari zai nufa.

Wata rana ina shara na tarar da adda a ƙarƙashin katifar babban ɗana. Shekarunsa sha biyar a lokacin. Da na tambaye shi, bai yi mini rashin kunya ba. Ya ce, "Mama, Yesu da bakinsa ya ce mu sayi takobi. Ko ba a rubuce yake ba?" Na buɗe, ga shi nan a rubuce. Na ce ai an kuma rubuta mu ƙaunaci maƙiyanmu. Ya ce, "To, Mama, wanne za mu bi?" Aya ta kara da aya a tsakar ɗakina, kowa riƙe da tasa. Wannan tambayar ce ta kai ni ajin tauhidi na ranar Asabar da ake yi wa waɗanda ba fastoci ba, a wani ɗaki bayan majami'a.

Malaminmu tsohon fasto ne da ya yi ritaya. Ya yi karatu a Kagoro, ya ƙaro a kwalejin tauhidi ta Bukuru, wadda aka buɗe a 1959. Duk muna ce masa Baba. Dokarsa ta farko ita ce, ba mai kawo aya a ajinsa sai ya karanta abin da ke gabanta da na bayanta, sura guda aƙalla. Sannan ya amsa: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, wane hali suke ciki? Wane irin rubutu ne, waƙa ce ko tarihi, wasiƙa ce ko karin magana ko annabci? Sai bayan nan ne za a tambayi abin da take faɗa mana yau. Shi ya fara gaya mana cewa annabawa da manzanni ba su sa lambobi a rubutunsu ba. Rabon surorin da muke bi aikin wani limamin Ingila ne, Stephen Langton, a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani maɗabi Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Ya ce lambobin suna da amfani wajen nema, amma sun koya mana yankan Magana. Da ya ji ni 'yar ma'aikacin masaƙa ce, sai ya ce, "Malama, in an yanko miki ƙyallen atamfa kamar faɗin yatsa, za ki iya faɗin zanen da ke jikin turmin?"

Da Irmiya muka fara, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Baba ya sa muka karanta sura 28 da 29 a tsaye, da murya. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarki Yekoniya da fadawa da maƙera da masassaƙa daga Urushalima zuwa Babila. Mutane ne da aka raba da gidajensu, suna zaune a tsakiyar waɗanda suka ci su da yaƙi. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi a Haikali ya ce cikin shekara biyu komai zai dawo, har ya cire karkiyar itacen da ke wuyan Irmiya ya karya ta a gaban jama'a. Maganar ta yi wa kowa daɗi. Irmiya da kansa ya ce amin, Allah ya sa haka. Amma ba Allah ne ya aiki Hananiya ba, kuma bai ga ƙarshen wannan shekarar ba. Daga nan Irmiya ya aika wa 'yan bauta wasiƙa, ita ce sura 29. Abin da ke cikinta shi ne: ku gina gidaje ku zauna, ku yi lambuna ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, kada ku ragu. Ku nemi lafiyar birnin da na kai ku, ku yi masa addu'a, gama cikin lafiyarsa ne za ku sami taku. Kada ku saurari masu yi muku mafarkin ƙarya da sunana. Sai shekara 70 ta cika zan komo da ku. Bayan duk wannan ne aya ta 11 ta zo.

Ajin ya yi tsit. Wata dattijuwa ta ce, "Baba, ke nan yawancin waɗanda aka karanta wa wasiƙar a Babila suka mutu?" Ya ce haka lissafin ya nuna, Mama. Ashe ayar da aka manna a motoci an rubuta ta ne don a ƙaryata masu alkawarin gaggawa. Kuma ba mutum ɗaya ake wa magana ba, jama'a ce gaba ɗaya, har da jikokin da ba a haifa ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ya rage mini ayar. Ƙaruwa ta yi. Da, in na ji ta, sai in dubi ɗaki ɗayan da muke haya da mijina marar aiki, in ce ina alherin? Yanzu na gane an rubuta ta ne ga mutane irina, waɗanda suka bar gida ba da sonsu ba, kuma Allah bai ruɗe su ba. Ya faɗa musu tsawon wahalar, ya ba su aikin yi a cikinta, ya ce ƙarshen yana hannunsa. Baba ya ja mana kunne, ya ce Kaduna ba Babila ba ce, maƙwabtanmu ba Kaldiyawa ba ne, garin namu ne mu duka. Amma in har an umarci waɗancan su yi addu'a domin birnin da ya rushe nasu, ina hujjarmu ta ƙin neman lafiyar garin da aka binne cibiyarmu? A wannan makon na fara ambaton Tudun Wada da Rigasa da Kawo a addu'ata, da sunayensu. Na shuka rama da kuɓewa a bayan ɗakin hayar.

A shekara ta biyu Baba ya shigo da mu cikin gardamar masana, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce gara mu ji a bakinsa da mu ji a bakin 'ya'yanmu in sun dawo daga jami'a. Ya gaya mana labarin Julius Wellhausen na Jamus, wanda a 1878 ya kawo hujjar cewa littattafan Musa biyar an harhaɗa su ne daga tushe huɗu na zamani dabam-dabam. Ya gaya mana na Rudolf Bultmann, wanda a 1941 ya ce mutumin zamani ba zai iya gaskata labaran mu'ujizai yadda suke ba, sai a tace su a fitar da saƙon da ke ciki. Na kwana ina juyi a kan waɗannan. Ga inda na tsaya. Tambayar yadda aka rubuta littafi ba ta ba ni tsoro, Luka da kansa ya buɗe bishararsa da cewa ya bi diddigi, ya kuma san waɗansu sun riga shi rubutawa. Ruhu Mai Tsarki yana iya aiki ta hannun mai bincike da mai harhaɗawa. Amma wanda ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe littafin cewa matattu ba sa tashi, ba binciken ne ya kai shi can ba, da abinsa ya shigo. Ni da ban ga gawar ƙanena ba, ba zan iya rayuwa da tashin matattu na misali ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne labarin Karl Barth, wani matashin fasto a ƙauyen Suwizalan. A 1914 ya ga malamansa na tauhidi, manyan masana Girkanci da Ibrananci, sun sa hannu a takardar goyon bayan yaƙin sarkin Jamus. Abin ya girgiza shi, ya koma ya durƙusa a kan Romawa, sharhinsa ya fito a 1919. Wato yawan ilimi bai hana mutum sa Littafi ya faɗi abin da ƙabilarsa take so. Haka aka yi da Farawa 9 a zamanin cinikin bayi, aka ce an la'anci baƙar fata ta wurin Ham, alhali kowa ya buɗe zai ga Kan'ana Nuhu ya ambata, babu kuma maganar launin fata a wurin. Haka wasu a Afirka ta Kudu suka kafa wariyar launi a kan hasumiyar Babila. Mai zalunci yana da ayarsa, mai jin haushi ma yana da tasa.

Mun taɓa tauhidin 'yantarwa na Gustavo Gutiérrez, limamin Katolika ɗan ƙasar Peru, wanda ya fito fili a 1971. Na ɗauki abu guda daga gare su: in talaka ya karanta Fitowa da Amos yana ganin abin da mai ƙoshi yake tsallakewa. Sauran na bar wa masana.

Gardamar da ta fi zafi a ajinmu ta gida ce. Byang Kato ɗan Kwoi ne, ƙasar mahaifina. An haife shi a 1936, ya zama babban sakataren ikkilisiyar ECWA, ya yi digirinsa na ƙoli a Dallas ta Amurka, ya shugabanci ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a teku a Mombasa a Disambar 1975 bai cika arba'in ba. Ya yi kashedi mai ƙarfi a kan gauraya bishara da addinin gargajiya, ya ja da masana irin John Mbiti na Kenya, waɗanda suka ga cewa addinin kakanninmu ya share wa bishara hanya. Daga baya Kwame Bediako na Gana ya ce Kato ya tsananta. Matasan ajin suka rabu biyu. Ni kakata na tuna. Ta ba ni labarin yadda mata suke ɓuya in dodo ya yi kuka, da tarar da ake ci wa macen da ta yi magana a kansa, da yadda ta yi numfashi ranar da ta gane ba ta ƙarƙashinsa kuma. Wanda bai ji wannan tsoron a bakin mace ba zai yi saurin yabon gargajiya, don haka ina tare da Kato a nan. Amma kakar nan tawa ta san akwai Allah na sama mai aiko ruwa tun kafin wani Bature ya taka Kwoi, kuma Bulus ya gaya wa mutanen Listira a Ayyukan Manzanni 14 cewa Allah bai bar kansa ba shaida. Ban ga dalilin da zai sa in jefar da ɗayan don in riƙe ɗayan ba.

To, takobin fa? Da na ji na shirya, na kira ɗana, na ce mu karanta Luka 22 daga farko har ƙarshe, shi ne mai karatu. Ya karanta aya ta 36. Ya wuce ta 37, inda Yesu ya ce dole a cika abin da Ishaya ya rubuta, cewa za a lasafta shi cikin masu laifi. A ta 38 almajirai suka ce ga takuba biyu, ya ce ya isa. Na ce, "Takobi biyu, mutum goma sha ɗaya. Rundunar yaƙi ke nan?" Bai amsa ba, ya ci gaba. A wannan daren, a gonar da aka kama shi, ɗaya daga cikinsu ya zaro ya sare kunnen bawan babban firist. Yesu ya tsawata, ya taɓa kunnen ya warkar. Muka duba Matiyu 26, inda ya ce wa mai takobin ya mai da shi kube. Muka bi Ayyukan Manzanni: an jajjefi Istifanas, an kashe Yakubu, an ɗaure Bitrus, babu inda waɗanda suka ji maganar da kunnensu suka tara makamai.

Ya ce, "Mama, ke nan mu zauna a yanka mu?" Na ce ban faɗi haka ba. Nehemiya ya sa masu tsaro a kan garu. Bulus ya nemi kariyar hukuma sa'ad da aka ƙulla kashe shi, Romawa 13 kuma ta ɗora wa hukuma nauyin takobi, za ta amsa a gaban Allah in ta yi barci. Fastocinmu har yau suna tattauna iyakar kare kai, mutanen kirki ne a kowane ɓangare. Amma tsaron ƙofar gida dabam, tare hanya a farauci wanda bai san hawa ba bai san sauka ba dabam. Na tuna masa wanda ya riƙe hannunsa zuwa bariki. Romawa 12 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce. Ya ci gaba da fita gadi tare da dattawan unguwa, amma addar ta koma wajen kayan gona. A Afrilun 2011, da gari ya sake kamawa bayan zaɓe, shi da abokansa biyu ne suka ɓoye wani mai shayi a ɗakinmu har sojoji suka zo. Yabo ya tabbata ga Ubangiji.

Akwai wurin da har yau yake mini nauyi, ƙarshen Zabura 137, inda mawaƙin ya sa albarka ga wanda zai fyaɗa jariran Babila a kan dutse. Baba bai sassauta ta ba. Ya ce kukan wanda aka yi wa haka ne, addu'a ce, ba umarni ba. Mutumin ya kai fushinsa gaban Allah da baki, ya bar shi a can. Wannan ya ba ni izinin faɗa wa Ubangiji ainihin abin da ke zuciyata game da waɗanda suka kashe ƙanena, ba tare da ado ba. Sai bayan na faɗa ne na iya fara gafartawa, kuma ya ɗauki shekaru.

Na koma Tudun Wada na gai da Hajiya. Tana ganina ta ce, "Malama, ashe rai kan ga rai!" Muka rungumi juna muka yi kuka. Da Sallah takan aiko mana da nama, da Kirsimeti ɗana ke kai mata shinkafa da cincin, har Allah ya yi mata rasuwa. Na je ta'aziyya, 'ya'yanta suka zaunar da ni cikin dangi.

Baba ma ya tafi hutawa. Yanzu ni nake jan nazarin Littafi Mai Tsarki na mata a ranar Asabar, da dokokinsa. Waya ta kawo mana masu wa'azi daga ko'ina, a Facebook da WhatsApp, don haka nakan ce wa matan su zama kamar mutanen Biriya, waɗanda suka binciki Nassi kowace rana ko maganar Bulus ma haka take. Yawancin sababbin da ke zuwa daga ƙauyukan Chikun da Kajuru suke, waɗanda 'yan bindiga suka kora. Wasu ba su iya karatu ba, amma in an karanta musu sura guda suna riƙe ta fiye da mu.

Bana Ayuba muka bi, sura bayan sura. Akwai wata 'yar'uwa da aka sace mijinta, wani ya ce mata rashin ba da zakka ne ya buɗe ƙofa, ya kawo mata Malakai 3. Ta zauna da wannan nauyin ba ta faɗa wa kowa ba. Muka yi makonni muna jin Elifaz da Bildad da Zofar suna cewa wahala sakamakon zunubi ce, maganganu masu kama da wa'azi, waɗanda in aka yanko su za a iya manna su a mota. Da muka kai sura 42 aya 7, inda Ubangiji ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Mama, a sake karanta mini wurin." Aka sake. Sannan ta ba mu labarinta duka, muka kewaye ta da addu'a, muka yi karo-karo domin kuɗin makarantar 'yarta. Mijin bai dawo ba tukuna. Asabar mai zuwa za mu fara Habakuk, matan ne suka zaɓa da suka ji cewa annabin ya buɗe littafinsa da tambayar Allah har yaushe. Ku sa mu cikin addu'a, musamman ita da yaranta.